Yashin Bayan Gidan Mama Mai Ɗinki

Unguwarmu tana bakin rafi, a wani gangare da ke hanyar Bwari. Damina biyu a jere ruwa yana shigo mana har ɗaki. Shekarar da nake aji biyu a jami'a, mutanen unguwa suka yanke shawarar tare shi da buhunan yashi kafin ruwan Agusta. Ni aka ba aikin ƙirga buhunan, saboda kullum ana ganina da littafi, kuma ba na surutu.

Yashi mafi laushi yana bayan gidan Mama mai ɗinki, wata 'yar Filato da mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki biyu. A na bayan take ajiye kekenta na ɗinki. Da samari suka nemi izini, dariya ta yi.

"Ku ɗiba, 'ya'yana. Ubana ne ya zuba shi?"

Har kunu take kawo musu duk Asabar.

Ina da ɗabi'ar auna abin da ba a sa ni ba. Asabar ta farko, taku goma sha ɗaya ne daga bangonta zuwa gaɓar rafi. Asabar ta uku, taku shida. Na kuma ga wata tsaga a ƙasan bangon. Da farko tsinken tsintsiya kaɗai ke shiga, daga baya fensirina ya shige har rabi. Duk na rubuta a shafin ƙarshe.

Ran nan wata tsohuwa Bagwariya ta biyo da itace a kafaɗa. Ta tsaya ta dubi ramin.

"Wannan ƙasa shi ne yana riƙe gida. Ku bar shi."

"Kai, Kaka ta zama injiniya!" in ji wani mai shebur. Aka fashe da dariya, ta wuce.

Ranar Lahadi da la'asar, bayan 'yan coci sun dawo, aka taru a gindin mangwaro. Shugaban unguwa ya ce, "Malama marubuciya, ina aka kwana?" Na karanta yawan buhunan, aka tafa.

"Da sauran bayani?"

Yatsana yana kan shafin ƙarshe. Na dubi dattawa, na dubi samarin da suka yi wa tsohuwa dariya. Na rufe littafin.

"Babu, oga."

Ruwan ya zo ranar Alhamis da hantsi. Buhunanmu sun riƙe, ko ɗigo bai shiga ɗakin kowa ba. Wajen azahar muka ji wani nauyayyen ƙara. Bangon bayan gidan Mama ya zame cikin rafi, da keken, da yadin mutane, da rabin kwanon rufi. Ita tana ƙofar gida tana tarar ruwa a bokiti, shi ya sa ta tsira. Muka same ta tsaye, bokitin ya cika yana zuba a ƙafarta.

Bayan mako biyu na raka ta tashar Utako, za ta koma garinsu. Jaka ɗaya ce, ni na riƙe. Da ta zauna a mota ta kama hannuna ta taga.

"Kar ki damu, 'yata. Wa ya sani? Ke mai karatu, da kin gani ai da kin faɗa."

Littafin yana cikin jakata a lokacin. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Mama," na saki hannunta.