Ranar da Baba Tsoho Ya Taka Zuwa Wurin Matsar Rake

A shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, ranar da za a fara matsar rake a ƙauyenmu kusa da Nasarawan Doya, na kasa shan kokona saboda zumuɗi da fargaba. Daga tsakar gida ana jiyo haniniyar dokin da ke juya injin matsa. A gidanmu babba ne ke yin bismilla ya zuba mazarƙwailar farko, kuma da ƙafarsa yake zuwa. Kakana, Baba Tsoho, ya daɗe bai je ba, har an yanke cewa in bana ma ya kasa, ƙanensa zai karɓa gaba ɗaya.

Hayaƙin dafa ruwan rake ne ya ci masa ƙirji, ya bar shi da tari da haki. Amma ni ƙafafunsa ne suka fi tsorata ni. Cinyoyinsa sun tsotse, in ya ɗaga buta hannunsa rawa yake yi. Saboda girmamawa ba ma barinsa ya motsa, komai sai a kai masa kan tabarma. Da babana ya kai shi Makarfi, malamin asibiti ya ce, "Zaman nan ne ke cin ƙafafunsa. Ya riƙa takawa, in haki ya taso ya huta." To, wane ɗa ne zai dubi ubansa ya ce tashi? Sai kakata ta ce a bar ni da shi, tunda jika ce kaɗai ke da bakin tsokanar kaka.

Kullum na dawo daga makaranta sai in ɗauke sandarsa in tsaya bakin rumbu. "Mijin nawa ya zama tabarma? Zan sake wani!" Ya ce, "Ja'ira, wa zai kwashe ki da wannan hancin?" Ya dafa bango ya biyo ni. Baki na tsokana, ido na kan ƙafafunsa. In ya yi tari sai in ce shi ke nan, na kashe shi, in ruga in tambayi kakata ko leɓensa ya sauya launi. Daga rumbu muka kai zaure, daga zaure gindin tsamiya.

Ranar kuwa ya sa farar rigarsa, na bi shi da kujera a ka. Mun tsaya hutu a hanya har na ga ƙanensa ya fara naɗe hannun riga, hawaye suka zo mini. Baba Tsoho ya ja numfashi ya ce, "Amarya, wuce gaba, kada a ce mijinki rago ne." Da ya ɓullo ta bayan tulin rake, samari suka ɗauki sowa, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gidaje, ni kuma ina ta tsalle da kujera a ka. Hannunsa na rawa, amma shi ya zuba, ko ɗigo bai zubar ba.

Yanzu masu irin ciwonsa a asibiti ake koya musu motsa jiki, wasu ma suna ta latsa waya a kwance, jikoki na can birni. Nawa in sun zo gaisuwa sukan ce in zauna kada in gaji. Da ma ɗayansu zai sace mini sanda.