Yatsan Da Malam Ke Karatu Da Shi

Shekara talatin da huɗu Malam ya yi yana koyarwa a makarantar makafi. Shi kansa tun yana ɗan shekara shida ƙyanda ta tafi da idanunsa. Da manuniyarsa ta dama yake karatu, in ya ɗora ta kan ɗigo-ɗigon rubutun makafi sai ta yi ta gudu har mai ido ya ji kunya. Littattafan ɗalibai ma shi ke huda su da tsinke, ɗigo ɗaya-ɗaya, safe da yamma.

Hudar nan ce ta ci shi. Da fari ji yake kamar tururuwa na yawo a yatsunsa uku, daga baya suka mutu murus.

Littattafai ba su dame shi ba, ya haddace rabinsu. Wata takarda ce a aljihunsa ta hana shi sukuni. Marigayiya matarsa mai ido ce, amma ta koyi rubutun a ɓoye ta huda masa wasiƙa a shekarar aurensu. Yawan shafa ya kwantar da ɗigon, ba mai iya karanta ta sai shi. Yanzu in ya shafa, takarda kawai yake ji. Abin da ke ciki yana kansa, amma hadda daban, taɓa aikin hannunta daban.

'Yarsa Auta ta kai shi asibiti. Likita ya ce, "Baba, wata jijiya ce ke bi ta ɗan lungu a wuyan hannu. Wurin ya kumbura ya shaƙe ta."

Aka ba shi abin ɗaure hannu in zai kwanta, aka sa masa ranakun gashi da hasken wata na'ura da ake kira lesa. Ranar farko nas ta ɗora masa baƙin tabarau.

"Wannan fa na mene ne?"

"Don kada hasken ya lalata maka ido, Baba."

"'Yar nan, ai kin makara da shekara sittin."

Auta ta yi dariya har da hawaye. Shi kuwa da na'urar ta taɓa fatarsa sai ya tambayi launin hasken, aka ce ja ne. Ja dai, irin zanen mahaifiyarsa, launin ƙarshe da yake tunawa. Haske ya yi masa ƙaura tun yana yaro, ga shi yau ya biyo shi ta wuyan hannu! Ya ce, "Ikon Allah."

Gashi goma ya kori tururuwar, amma yatsan karatun bai farka ba. Likita bai yi masa rufa-rufa ba, ya ce sai an yi tiyata an buɗe lungun, kuma ba ya alkawari. Aka yi. Kullum da safe Malam ya ciro takardar ya shafa, ya mayar aljihu.

A wata na huɗu bayan tiyatar, Auta na zuba masa shayi, sai ta ga yatsan ya tsaya a layin farko, wurin da marigayiyar ta danna tsinke da ƙarfi har takardar ta ɓule. Sannan ya fara tafiya, a hankali, kamar mai tatata.

"Baba, ya dawo ne?"

Malam ya ɗaga mata ɗaya hannun, hawaye na bin gemunsa.

"Yi shiru, Auta. Uwarki na magana."