Jakar Ƙirji da Jakar Goyo

Jaka biyu Baba ya ajiye a kan tabarma, ya ce in zaɓi ɗaya. A ɗakinsa ne, a Hadayek el-Maadi, shekara guda bayan shigowata Alƙahira.

Baba ba mahaifina ba ne. Bahaushen Sudan ne, tsoho, dogo, duk ya bushe. Ya haura shekara ashirin yana dafa wa wani Bature abinci a Zamalek. Da gari ya rikice sai Baturen ya tattara ya tafi, ya bar masa kayan kamun kifinsa: sanduna biyu, akwatunan ƙugiya, takalman roba masu kaiwa cinya, da jakunkunan nan. Ni kuwa wankin mota nake yi a wani gareji, ɗakina yana ƙarƙashin nasa. Wata uku muna gaisawa a matakala, ba mu wuce gaisuwa ba. Ranar da ya ji ni Basarke ne, ɗan masunta, haifaffen bakin kogi wajen Gaya, ya tsaya ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Ɗan ruwa, kana nan kana wanke wa mutane taya? Hawo in nuna maka abu."

Na san tarun birgi, na san igiyar mamari mai ƙugiyoyi, na san fatsa tun ina tsirara. Irin wannan fatsar dai ban taɓa gani ba. Ba a sa mata tsutsa ko ƙullin gari. Ƙugiyar ake naɗe wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Sai ka shiga ruwa zuwa gwiwa, ka yi ta kaɗa igiya a sama, gaba da baya, ka sauke ƙwaron a kan ruwa a hankali kamar shi ya faɗo da kansa. Hannu ɗaya na sanda, ɗaya na igiya. Ba ka da na ukun da zai riƙe kaya, ba kuma inda za ka ajiye. Duk abin da kake bukata dole ya kasance a jikinka. Shi ya sa zancen jaka ba ƙaramin zance ba ne.

Baba ya ɗaga ƙaramar. Girmanta bai wuce gafaka ba. A ƙirji ake ɗaura ta, igiyoyinta sirara. In ka zuge ta sai bakinta ya sauko ya tsaya a gabanka kamar faifai, ga ƙugiyoyi a jere, ga almakashi, ga zare. Kana tsaye cikin ruwa za ka canza ƙwaro ba ka motsa ƙafa ba. Aibinta, ko gorar ruwa ba ta ɗauka.

Ya jawo babbar, ta goyo. Ita ke cin takalman roba, da darduma, da risho da butar shayi, da burodi, da ruwan sha. Aibinta, ba ka ganin abin da ke ciki. Kome kake so sai ka fito gaɓa ka sauke ta.

"Yalla, ɗana. Zaɓi."

Ba zaɓi ba ne, ni da shi mun sani. Kara ce ya yi mini. A wurinmu babba ba ya ɗaukar kaya ƙarami yana tafiya hannu sake. Abin da ya kamata, in sunkuya in ɗauki babbar tun bai rufe baki ba.

Na ɗauki ƙaramar.

Ya kalli hannuna. Can ya ce, "Tamam." Ya ja babbar gefensa.

Na ce, "Baba, ita ma kawo, sai in riƙe ta a hannu."

"Ka riga ka zaɓa. Khalas."

Haka muka fara. Kowace Juma'a bayan asuba mu shiga jirgin ƙasa mu yi kudu, wajen Helwan, mu sauka mu taka zuwa wani lungu na kogin Nilu inda ciyawa ta yi tsayi. Tsoho a gaba da kaya a baya, ya ranƙwafa. Ƙato a bayansa da 'yar jaka a ƙirji. Misirawa suna kallo a jirgi. Wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da muke salla tare ya tare ni a ƙofar masallaci.

Ya ce, "Malam, wuyanka ne ke ciwo ko bayanka?"

Na ce lafiyata lau.

"To kunyarka ce ba lafiya. Ka kai ta asibiti."

Gaskiya ya faɗa, daidai abin da ya gani.

A cikinmu, mu da muka shigo ta hamada, ba a tambayar mutum yadda ya zo. In ya faɗa a ji, in bai faɗa ba a bar shi. Baba ya san wannan, bai taɓa tambayata ba. Ni kuma ban iya buɗe zance ba. Tun da na shigo ƙasar ban sa kome a bayana ba. Buhun omo a gareji a ka nake ɗauka, ko in rungume shi. Ko bargo mai nauyi ba na rufa da shi. In wani ya dafa kafaɗata ta baya, sai numfashina ya tsaya.

A ruwa kuwa muna lafiya. Ya koya mini kaɗa igiya, yana zagina.

"Ba jaki kake duka ba, ya waladi. Sassauta hannu. Basarken da kifi ke wa dariya, ban taɓa gani ba sai a kanka."

Na ce, "A garinmu ba ma yi wa kifi ƙarya. Abinci muke ba shi na gaske."

"Shi ya sa kuka talauce."

Mukan sami karfasa, wadda suke ce wa bulti, wani lokaci kawara. Ba yawa. Wata rana ba ko ɗaya. Ba don kifin nake zuwa ba. Sa'o'in nan da nake tsaye cikin ruwa su kaɗai ne kaina ke yin shiru. Kuma duk faɗin Alƙahira mutum ɗaya ne ke ce mini ɗana.

Amma ina ganin abin yana lalacewa. In mun fito gaɓa ya sauke jakar, sai ya daɗe dafe da ƙugu kafin ya miƙe. Sau uku na sake cewa ya kawo in riƙe a hannu. Sau uku ya ce khalas. A na ukun ko dubana bai yi ba. Sai ya fara rage kaya. Ya bar risho a gida, muka daina shan shayi a bakin ruwa. Ya bar darduma. Zagin ma ya ragu, kuma wannan ya fi damuna. Wata Juma'a ya ce ba ya jin daɗi, wata ya ce yana da baƙo. Na san saura kaɗan ya daina ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na san maganin abin. Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan hau sama in goya jakar nan a gabansa. Gari ya waye in kasa.

Daga ƙarshe ya bar takalman roba, su ne mafi nauyi. Ya shiga ruwa da silifa.

Duwatsun wurin suna da gansakuka. Ina can gaba da shi kaɗan na ji faɗuwa. Da na juya yana zaune cikin ruwa zuwa ƙirji, ya ɗaga sanda sama kada ta karye. Na jawo shi gaɓa. Idon sawunsa ya juya, kafin in cire silifar ya fara kumbura. Ya gwada tsayuwa, ya koma ya zauna.

Ya ce, "Ma'alish, ba kome. Tsufa ne."

Ba tsufa ba ne. Takalman da ya bari a gida ne.

Daga gaɓa zuwa titi akwai hawa mai tsayi, duwatsu da ƙasa mai zamewa, sannan 'yar hanya tsakanin gonaki. Safiyar Juma'a ce, ba kowa. Na gwada tallafe shi a kafaɗa, taku biyu ya cije leɓe. Na gwada rungumarsa ta gaba, ba na ganin inda zan sa ƙafa, za mu faɗi mu biyu. Hanya ɗaya ta rage.

Na ɓoye babbar jaka da sanduna cikin ciyawa. Na durƙusa a gabansa, na ba shi baya.

Na ce, "Baba, hau. Amma da sharaɗi. Kada ka yi shiru. Ka yi ta magana har mu kai titi."

"Maganar me?"

"Ko mece ce."

Ya sa hannuwansa a wuyana. Na ji ƙasa ta juya. Na dafa dutse, na miƙe.

Ban yi niyyar faɗa ba. Ina jin don ba ya ganin fuskata ne bakina ya buɗe. Na ce masa mu biyu muka baro Libiya da yaƙi ya tashi, ni da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya biyu. Motar da ta kwaso mu ta mutu kafin iyakar Masar. Muka taka. Kwana na biyu ƙafafunsa suka ƙi, na goya shi tun hantsi. Ina tafiya ina ba shi labarin gida, kwalekwalen babanmu, shekarar da ruwa ya ci kasuwa. Da fari yana amsawa. Daga baya ya daina, na ce barci ne, na ci gaba da surutu don kada ya ji tsoro in ya farka. Da la'asar muka sami inuwar wani dutse, na durƙusa in sauke shi. Hannuwansa suka ƙi sakin wuyana. Sai da mutum biyu cikin abokan tafiyarmu suka ɓamɓare su.

Na ce, "Ban san lokacin da ya tafi ba, Baba. Yana jikina, ban sani ba. Da a gabana yake da na ga fuskarsa. Da na laƙƙana masa kalmar shahada."

Baba ya yi shiru. Taku ɗaya, biyu, uku.

Na tsaya cak. "Baba."

"Ina nan, ina nan." Ya yi gyaran murya. "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ina nan, ɗana. Taka."

Daga nan bai sake rufe baki ba. Ya ce tun da aka halicci fatsa ba a yi mai mugun hannu irina ba. Ya ce Baturensa yana cin kifi da madara, Allah ya shirye shi. Ya lissafa mini duk abin da ake zubawa a miyar kuka irin ta mutanen Sudan, ya ce tamu ruwan wanki ce. Ya ce bayana duk ƙashi, jakin kirki ya fi ni daɗin hawa. Da labari ya ƙare masa sai ya koma salati, da ƙarfi, a kunnena. Ina jin numfashinsa a wuyana, da ɗumi. Shi nake saurara, ba maganar ba.

Muka kai titi. Na sauke shi a gindin wata bishiya, hannuwansa suka saki da kansu. Na zauna a ƙasa, na daɗe ban iya tashi ba. Wani mai tuktuk, babur mai ƙafa uku, ya tsaya ya ɗauke mu. Da yamma na koma na kwaso kayan, jakar a kaina.

Wata biyu ya yi a kwance. Ni ke hawa in dafa masa, yana cewa na ɓata masa tukunya. Zancen hamada bai sake tasowa ba, daga bakinsa ko nawa. Abu ɗaya na lura: in zai kira ni ta baya, ya daina taɓa ni, sai ya yi gyaran murya tukuna. Ɗan kasuwar nan na Maraɗi ma ya daina yi mini habaici. Ban san abin da Baba ya ce masa ba. Na tabbata dai ba labarina ya ba shi ba.

Ranar da ya fara takawa ba sanda, ya kira ni sama. Jaka biyu a kan tabarma, kamar farko.

"Zaɓi."

Na dube su. Na yi zaton tunda na goya mutum na kai shi da rai, abin ya wuce. Na ɗauki babbar, na zura hannu ɗaya a igiyarta. Kafin ta taɓa bayana gumi ya keto mini. Na ajiye.

Na ɗauki ƙaramar.

Baba ya gyaɗa kai. Ya jawo babbar, ya zuba takalman roba, da risho, da buta, da darduma, ya zuge. Ya turo mini ita da ƙafarsa mai lafiya.

"Ɗora a ka, ɗan ƙauye. Misirawa su sami abin kallo."

Haka muka yi shekara biyu da wani abu. Ƙaramar a ƙirjina, babbar a kaina, tsoho a gabana da sanduna biyu yana faɗa da masu mota. A jirgi yara suna nuna ni. Ban damu ba. Shayi ya dawo bakin ruwa.

Da ƙarfinsa ya ƙare, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Sudan. Ya bar mini kayan duka. Babbar jakar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, kayan sanyi nake ajiyewa a ciki. Har yau ban goya ta ba. In zan je ruwa ƙaramar nake ɗaurawa, in sa gorar ruwa a aljihu, in yi sallata a kan ciyawa.