Burtalin da kakan mijina ya shata

Me ya sa Malam ya bari sai da ya kwanta ciwo, 'ya'yansa duk suna Kano, sannan ya fara faɗa mini iyakar burtalin? Ni da ban taɓa taka shi ba. Har yau ban sami amsa ba, kuma in na tuna sai hawaye.

Malam mijina ne, Allah ya jiƙansa. Kakansa ya yi dagaci a wajen Ruwan Bago, tun ƙasar Rogo tana ƙarƙashin Karaye. Ban riske shi ba, a bakin Malam na san shi. An ce yana jin Fillanci kamar Hausa, kuma ba ya shari'ar ɓarna a zaure. In shanu sun shiga gona, da ƙafa yake zuwa ya gani, da gorar furarsa a hannu, don kada ya sha ta manomi ko ta makiyayi. Da ya gaji da rabon faɗa, sai ya tara dattawa, suka shata wa shanu hanya har rafi, ya kafa aduruku gefe da gefe.

Aduruku yakan mutu. Shi ya sa duk saukar ruwan fari wani daga gidan nan yake yanko rassa ya mayar inda suka bushe. Malam ya gaji aikin, bai gaji sarautar ba. Yakan dawo da taɓo har gwiwa, in yi masa tsiya cewa dagacin itatuwa ya dawo, ya yi dariya.

Yanzu gonaki sun matse hanyar, itatuwan da yawa sun zama makamashi. In ba wanda ya san inda suke a da, rigimar nan za ta dawo. Don haka nake faɗa ana rubutawa: daga tsamiyar makabarta, a bi gabas da tsohuwar rijiya, a bar dutsen nan a hannun dama, har marina. Iyakar abin da na samu ke nan.

Ranar da ya kai marina a bayaninsa, da hantsi ne, ina ba shi kunu. Na ce ya ƙarasa. Ya ture kofin a hankali.

“Uwargida, kin fi yaran riƙe magana. Bari in huta, daga marina zuwa rafi ba nisa.”