Mai Neman Gindin Aduwa

Ranar kasuwar Gangara ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Ina zaune bakin gonata sai ga wani dattijo Bafillace, dogo, sanda a kafaɗa, malafarsa a jiƙe. Ba gero yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

Ya ce, "Malam mai gona, da can babu aduwa a nan?"

Na ce akwai, an sare ta da daɗewa.

Sai ya ba ni labarinsa. Sunansa Jaye. Suna tafe da shanu matarsa ta rasu, ya rufe ta gindin aduwar, lokacin wurin yana burtalin shanu.

Ya shiga yana takawa a hankali, yana kauce wa shuka, kamar mai gudun tada wani daga barci. Bai gane wurin ba. Sai ya tsaya tsakiya, ya yi wa gonar duka sallama, ya shafa addu'a. Ina jin shekaru ya yi yana ganin itacen nan tsaye a ransa.

Da zai tafi ya ce, "In ka zo huɗa, Malam, ka sassauta hannu."

Yanzu yana arewa da shanunsa. Ita tana nan cikin gerona, ban san daidai ina ba.