Ɗiyar Yaya Ce

Duk faɗin Kankia, a haɗa da Tafashiya da ƙauyukan da ke bayanta, babu mai bakin da ya kai nawa. Ba yabon kai ba ne, shaidu suna raye. Na taɓa taya rago har mai shi ya roƙe ni in ja abina in bar shi ya huta. In na shiga ofis neman sa hannu, oga kan sa tun ban gama gaisuwa ba, don ya san bayan gaisuwa labari ne zai biyo. Saboda haka ranar da aka sanar a kwalejin da nake aikin sito cewa an buɗe musayar gurbi, sai na bugi ƙirji a gaban abokan aiki, na ce gurbi ɗaya nawa ne, su je su yi kokawa a kan sauran.

Musayar gurbin nan yarjejeniya ce tsakanin kwalejinmu da wata jami'a mai zaman kanta. 'Ya'yan ma'aikatansu su yi karatu a wurinmu, namu su yi a wurinsu, a ɗauke wa iyaye kuɗin makaranta. Guraben kaɗan ne, sharaɗin kuma ɗaya: sai ɗan da ka haifa. Ni kuwa ina da wadda ta dace. Jami'ar ta riga ta ɗauke ta karatun haɗa magunguna, kuɗin rajista kawai ya rage, irin kuɗin da in za a faɗa maka gara ka fara neman wurin zama.

Ita ce ta fari a wurina. Ba zan rubuta sunanta ba, don bakina bai taɓa furta shi ba. 'Yar Kusada nake ce mata. Ranar da aka yaye ta, Inna mahaifiyarmu ta goya ta, ta kai ta gidanmu na Kusada, ta sauke ta a ɗakin matar Yaya, ta ce ga taku nan. Lokacin Yaya ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. Ni kuma sabon uba, kunyar 'yar fari ta hana ni ko ɗaukar jaririyar a gaban mutane, na ce Allah ya raya. Da na san kwanyar da ke cikin kan nan, da na ce a jira ƙanenta, wanda har yau in ka tambaye shi babban birnin jiharmu sai ya fara sosa ƙeya.

Yaya malamin Islamiyya ne, yana kuma noma da shanun huɗa guda biyu da yake ji da su kamar 'ya'ya. Maganar da yake yi a yini ba ta cika cokali ba. Ina jin da Allah ya tashi raba mana baki, ni ya haɗa wa nawa da nasa. Har yau Auta yake kira na, da furfurata da tumbina. Yarinyar tana ce masa Baba, ni kuma Baban Kankia, kamar wani reshen banki.

Ranar da sakamakon jarrabawarta ya fito, na sa aka share ƙofar gida, na shimfiɗa tabarma, na sayo goro, na zauna jiran 'yan barka. Har la'asar babu wanda ya tako tabarmar sai akuyar maƙwabta. Ashe duk dangi Kusada suka nufa. An ce gidan Yaya ya cika har mutane suna tsaye a waje, kowa na cewa Malam ya iya tarbiyya. Tarbiyya dai. To kwanyar fa, a gonar gero ya shuka ta?

Uwargida ta leƙo ta gan ni ina cin gorona ni kaɗai. Ta ce, "Malam, kishi kake da ɗan'uwanka?"

Na ce, "Ni? Allah ya kiyaye. Goron ne na ga zai bushe."

Don haka musayar gurbin nan ta zo mini kamar ruwan farko. Wannan karon Yaya ba shi da ta cewa. Gurbi na ma'aikaci ne, shanu ba su da gurbi. Na riga na hango ranar da za a ce a Kusada, ai Baban Kankia ne ya kai ta jami'a. Na shiga zirga-zirgar takardu, na hau acaɓa tsakanin Kankia da Kusada har 'yan acaɓar suka fara tambaya ta ko takara na fito. Komai nawa ya shiga kafin wa'adi. Ni na fara kaiwa, kuma na tabbatar kowa ya san ni na fara.

Sai ranar tantancewa. Jami'ar ta turo wani jami'inta, matashi mai tabarau, ya zauna a ɗakin taron kwaleji yana ganin iyaye da 'ya'yansu. Yaya ya kawo yarinyar da kansa, ya sha farar riga da rawani. Muka shiga mu uku. Na buɗe baki na soma aikina. Na gaishe da baƙo, na tambayi hanya, na ba shi labarin yadda na taɓa hana gobara cin sito da buta ɗaya. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Na ce a raina, an gama.

Ya mayar da tabarau, ya duba takardun yarinyar, ya ga sunan uban da ke jiki ba nawa ba ne. Tun firamare da sunan Yaya aka sa ta, kowa ya san haka. Ya ɗago ya ce, "Malam, wannan ɗiyar wa ce?"

Tambaya ce da ko yaron goye zai amsa. Amma Yaya yana zaune a damana, mutumin da ya yi jinyar ƙyandarta, ya koya mata alif da ba. Ita kuma tana durƙushe a gefe, kanta a ƙasa. A gidanmu ba a taɓa jin wanda ya ba da riƙo ya dawo yana cewa nawa ne a gaban mai riƙon ba, gori ke nan. Ga kunyar 'yar fari a kai. Bakin nan nawa da ya gagari dillalan raguna ya bushe ƙamas. Na ji shi da kunnena yana faɗin abin da ya saba faɗa duk tsawon rayuwarta.

Na ce, "Ɗiyar Yaya ce."

Baƙo ya ajiye biro. Yaya ya yi gyaran murya ya ce, "Shi ya haife ta, ni ke riƙo."

Baƙon ya ce ya gane, shi ma a hannun kawunsa ya tashi. Amma takarda ta ce ta wani ce, ma'aikacin ma da bakinsa ya ce ta wani ce, shi kuma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Ya ce in kawo rantsuwar kotu da shaidar hakimi, zai sa a gaban kwamiti in sun sake zama. Na tambaye shi yaushe za su zauna. Ya ce sai an sanar.

Da na koma gida uwargida ta riga ta ji, don a Kankia labari ba ya jiran mai shi. Ta ce, "Kai da kake ce wa mutane ka haifi likita tun tana aji uku, yau da aka tambaye ka a inda ya dace sai ka ba da ita kyauta?"

Na ce ai laifin baƙon ne, wa ke yi wa mutum irin wannan tambaya a gaban yayansa. Har yanzu ra'ayina ke nan.

Kotu ta ba ni takarda, fadar hakimi ta ba ni, na aika. Sai jira. Jami'a kuwa ba ta jira ba, ta sanar da ranar rufe rajista, wanda bai biya ba a ba wani gurbinsa. Waɗanda na ce su yi kokawa a kan sauran guraben duk an ɗauke musu kuɗi, 'ya'yansu har sun ɗinka kayan tafiya. Wani direban kwaleji da ko gaisuwa bai iya ba sai ya riƙa tsayawa a ƙofar sito yana cewa, "Mai baki, ya labarin ɗiyar Yaya?" Kullum ina buga wa baƙon nan waya. Kullum ana kan aiki. Na buga har ina jin wayarsa ta koyi muryata, da ta ji ni sai ta mutu.

Yarinyar ta kira ni sau ɗaya a kwanakin. Ta ce, "Baban Kankia, ko in haƙura sai baɗi?"

Na ce kada ta kuskura, ai maganar tana hannuna, manyan jami'ar nan duk abokaina ne. Da na kashe wayar na zagaya bayan sito na daɗe a tsaye. Na nemi rance a ƙungiyar ma'aikata, suka ce layi ya yi tsawo. Na kai babur ɗina wurin dillali, ya zagaya shi ya ce sai dai a auna a kilo.

Ana sauran kwanaki kaɗan a rufe, na tare wani ɗan acaɓar Kusada zan je in ba su haƙuri. Tun ban hau ba ya ce, "Baba, Allah ya saka wa Malam yayanka da alheri. Irinsu sun yi ƙaranci."

Na ce me ya yi?

"Au, ba ka ji ba? Ya kai shanun huɗarsa kasuwa, duka biyun, ga damina ta ƙarato. An biya kuɗin makaranta tun jiya. Ko a masallaci maganar da ake yi ke nan."

Na san abin da ya kamata in ji, kuma na ji shi, na ce alhamdulillahi da gaske, don gurbin yarinya ya tsira. Amma a ƙarƙashin alhamdulillahin akwai wani abu mai ɗaci kamar maɗaci. Ni na ƙarar da takalmi, ni na rantse a kotu, ni direba ya mayar abin wasa, amma shanu suka tafi da sunan. Kuma ko ya faɗa mini. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Na ga kana da aiki da yawa, Auta."

Ranar tafiyarta ni na yi hayar mota. A tasha ta durƙusa ta gaishe ni, na yi mata nasiha mai tsawo wadda har direba ya amfana. Sannan ta juya wurin Yaya. Hannu kawai ya ɗora mata a ka, sai ga hawaye a idonta. Nasihata ba ta samu ko ɗigo ba.

Kwamiti bai zauna ba sai da gero ya kai gwiwa. A daminar nan Yaya da fartanya ya yi noma, shi da ɗalibansa. Amma da suka zauna sun amince, suka maido kuɗin, kuma ta hannuna suka biyo, tunda ni ne ma'aikacin. Na ce to, rana ta zo. Na jira ta dawo hutu. Na sa babbar riga, na zaɓi bayan la'asar, lokacin da zauren Yaya ke cike da dattawan unguwa.

Na ajiye kuɗin a gabansa yadda kowa zai gani. Na yi jawabi. Na ba da labarin yadda na girgiza jami'a, yadda manyanta suka riƙa ɓuya in sun ji takuna. Dattawa suna gyaɗa kai. Ana cikin haka ta shigo da ruwa a kwano, ta durƙusa ta ajiye. Na ce yanzu ne. Na ɗaga murya na ce, "Kuma yanzu kotu ta tabbatar, hakimi ya tabbatar, jami'a ma ta rubuta a littafinta cewa yarinyar nan..."

Ta ɗago ta dube ni. Yaya ma ya dube ni. Na ɗauki kwanon na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa.

Yaya ya tura kuɗin ƙarƙashin buzunsa ba tare da ya duba ba. Ya ce, "Bar wahal da kanka, Auta. Kotu ta faɗi nata, hakimi ya faɗi nashi. Amma ni tun da Inna ta haife ka, sau guda na ji ka yi magana ba ka ƙara gishiri ba, ranar da baƙon nan ya tambaye ka ɗiyar wa ce."