Uwar Ƙullun Gwaggo Asta

Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa a gefen Kura ya san wainar Gwaggo Asta. Ƙanwar babana ce. Tun ina yarinya nake ganinta a bakin hanyar da ta nufi kanal, tanda a gabanta, 'yan ƙwadago sun kewaye ta da taɓo a ƙafa. Mijinta ya rasu da wuri, da wainar nan ta aurar da 'ya'yanta.

Ba ta zuba yis. A wata 'yar tukunya take ajiye abin da take kira uwa, wato tsohon ƙullu mai tsami da ta gada wurin mahaifiyarta. Da yamma za ta ɗebi ludayi ta zuba a sabon markaɗe ya kwana ya tashi, sannan ta mayar wa uwar da sabon ƙullu kaɗan, ta rufe da faifai, ta ajiye a gindin randa inda yashi ke da sanyi. Da bazara safe da yamma take ciyar da ita, in ba haka ba tsamin ya wuce kima. Mu 'ya'yan gidan mukan ce Gwaggo ta fi tausayin tukunyar nan a kanmu, kuma ba ta taɓa musawa ba.

To amma Gwaggo akwai baki, akwai rowa. Wainar sauran mata "soson kanti" take ce mata, a gabansu. In mace ta zo neman iri sai ta ce, "Uwa ake bayarwa? Je ki nemi taki." Emmanuella, wadda muke kira Maman Isaac, mutuniyar Filato ce mai ɗan shago kusa da tandar Gwaggo. Ta roƙa har ta gaji. Ranar ƙarshe Gwaggo ta ce mata a gaban mutane, "Ke da kike sayar da yis, me za ki yi da abin gado?" Ni da nake tsaye sai da na ji kunya. Ko surukarta Latifa, da suke gida ɗaya, an hana ta ɗaga faifan.

Bara da tsakiyar bazara taifot ya kwantar da Gwaggo, aka wuce da ita asibiti a Kano ba ta san inda kanta yake ba. Latifa tana ganin tukunyar kullum, amma wa zai taɓa? Da aka sallamo Gwaggo, kafin ta cire mayafi ta nufi gindin randa. Fumfuna ta rufe saman, ƙasan ya yi baƙi, ga wari. Ta buɗe baki za ta yi wa Latifa faɗa, sai yarinyar ta ce a hankali, "Inna, ke kika ce ko mutuwa kika yi kar na taɓa."

Gwaggo ta zauna a ƙasa. Duk faɗin Kura da Bunkure babu gidan da za ta aika a sammo mata, don ba wanda ta taɓa sam wa.

Ciki ba ya jira, dole ta koma tanda. Ni na raka ta shagon Maman Isaac, ta tsaya tana kallon sabulu kamar shi ya kawo ta.

"Yis nake so," in ji ta. "Wata maƙwabciyata ce ta aiko ni."

Maman Isaac ta naɗe shi a baƙar leda. "Mama, ki gaya mata ƙaramin cokali ya isa, a ruwan ɗumi da ɗan sukari. Kar ta sa ruwan zafi."

Washegari Malam Suhaibu, mai gonar tumatir da ya yi shekara da shekaru yana cin wainarta, ya gutsura ya lumshe ido. "Alhamdulillahi, Asta ta dawo. Kun ji bambanci? Shi ya sa ba na cin ta masu yis. Ko ba haka ba, Maman Isaac?"

Maman Isaac tana shara a ƙofar shago. Ta ce, "Ai wainar Mama daban ce." Ta ci gaba da shararta.

Ban taɓa ganin Gwaggo haka ba. Ta sunkuyar da kai har waina ta ƙone a tanda. A gida ta ce min da matar ta tona mata asiri da ya fi mata sauƙi, don wannan rufin asirin ya fi mari zafi.

Ta sake kafa wata uwar daga farko: markaɗen shinkafa da ruwa kawai, tana zubar da rabi tana ƙara sabo, har ya fara kumfa da ƙanshin tsami. Ranar da ya tashi sosai ta raba shi. Ta miƙa wa Latifa kofi guda, ta ɗauki ɗaya da kanta zuwa shago, ina biye da ita.

Maman Isaac ta karɓa da hannu biyu. "Mama, wannan ce ta gadon?"

"A'a, 'yar nan," Gwaggo ta ce, idonta a ƙasa. "Waccan kam, da a ce na ba ki lokacin da kika roƙa, da yau tana nan."